Ladan Kuturu: Tarihin Musayar Ɗalibai a Siyasar Ƙasashen Duniya

 

Duk shekara, da zarar sakamakon bakaloriya ya fito, hankalin iyaye a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai yakan koma kan abu guda, wato jerin sunayen waɗanda suka sami bursu na zuwa karatu waje. Wanda sunan ɗansa ya fito sai murna da sadaka, wanda bai samu ba kuwa sai neman ƙafa a ofisoshi, ko kuma lissafin abin da zai sayar. A cikin wannan hidima ba kasafai ake tsayawa a yi tambayar da ɗan kasuwa yake yi a kan kowace hajja ba: mene ne ribar wanda ya bayar? Ƙasar da ke nesa, wadda ba dangin iya ba na baba, ta biya wa yaro kuɗin jirgi da ɗaki da abinci da littattafai har shekara biyar ko shida, alhali kuwa tana da nata matalauta. Ruwa ba ya tsami banza. Manufar wannan lacca ita ce a bi sawun wannan al'ada tun daga tushenta, a ga abin da masu bayarwa suke nema, a ga inda suka samu da inda lissafinsu ya ɓaci, sannan a duba abin da ya rage ga ƙasa irin Nijar.

Hanyoyi biyu na farko

Fita neman ilimi ta daɗe a ƙasashen nan. A tsakiyar ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen daular Kanem, wadda ikonta ya kai har Kawar da Bilma, sun ba da dukiya aka gina musu makaranta da masauki a Masar, domin ɗalibansu da alhazansu su sami wurin zama da karatun fikihun Malikiyya. Daga baya ma masallacin Azhar ya keɓe wa ɗaliban Barno sashensu na kansu. Abin lura a nan shi ne kuɗin na Kanem ne, kuma Kanem ce ta zaɓi abin da ɗiyanta za su karanta. Sarkin da ke da gida da ɗalibai a Alƙahira yana da masu yi masa magana a fadar sarkin Masar, yana kuma da suna a bakin fataken da ke ratsa Sahara.

Hanya ta biyu Turawa ne suka zo da ita. A shekarar 1855 gwamnan Faransa a Senegal, Faidherbe, ya buɗe wata makaranta a birnin Sanluwi wadda sunanta kaɗai ya isa bayani: makarantar ƴan garkuwa. Ana karɓo ɗiyan sarakunan da aka ci da yaƙi a ajiye su a can, ta yadda uba ba zai yi tawaye ba muddin ɗansa yana hannu, shi kuma ɗan zai koma gida da harshen Faransanci da ɗabi'ar biyayya. Daga baya aka sauya mata suna ta koma makarantar ɗiyan sarakuna da tafintoci. Sarakuna da yawa sun gane dabarar, shi ya sa idan kwamanda ya nemi yaro sukan ɓoye nasu su miƙa ɗan bara ko ɗan talaka. Waɗannan yaran da aka sadaukar su ne suka dawo da alƙalami a hannu, da yawansu kuma suka wayi gari suna ba ɗiyan sarakunan umurni.

Makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin Gore kafin a mai da ita Sebikotan, ita ce ta gaji wannan aiki a zamanin mulkin mallaka. Daga cikinta Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka fito, haka nan Modibo Keita na Mali da Houphouët-Boigny na Kodibuwa da Hubert Maga na Dahomai. Faransa ta so ta sami malaman lakkol da akawuna da ƙananan likitoci masu rahusa. Ta same su, amma a ɗakunan kwanan makarantar ne waɗannan samari suka san juna, kuma wannan sanayya ta yi aiki sosai lokacin da aka kafa jam'iyyar RDA a Bamako a 1946.

Ƙasashen da suka aika da niyya

A ƙarni na 19 wasu ƙasashe uku sun ga ƙarfin Turawa, suka yanke shawarar zuwa su ɗebo asirinsa da kansu. Ta farko ita ce Masar. A 1826 Muhammadu Ali Basha ya tura samari sama da arba'in zuwa birnin Paris, kowa da fannin da aka ɗora masa: wannan aikin soja, wancan aikin injiniya, wani likitanci, wani sha'anin mulki. Ya haɗa su da wani matashin malamin Azhar, Rifa'atu Ɗahɗawi, domin ya yi musu limanci. Limamin nan sai ya fi kowa karatu. Da ya koma gida a 1831 ya shiga aikin fassara, a 1835 kuma aka buɗe makarantar harsuna a ƙarƙashinsa, inda aka juya littattafan kimiyya da shari'a da tarihi masu yawa zuwa Larabci.

Ta biyu ita ce Japan. A 1863 wasu samari biyar suka fita a ɓoye zuwa Landan, a lokacin da dokar ƙasarsu ta haramta fita. Ɗaya daga cikinsu, Ito Hirobumi, shi ne ya zama firaministan Japan na farko a 1885, wani kuma, Inoue Masaru, shi ya jagoranci shimfiɗa layin dogo a ƙasar. A 1871 sabuwar gwamnatin Japan ta tura babbar tawaga zuwa Amurka da Turai tare da ɗalibai da dama, har da ƴan mata biyar. Ƙaramarsu, Tsuda Umeko, shekararta shida da haihuwa. Ita ce ta kafa makarantar ilimi mai zurfi ta mata a Tokiyo a 1900. Japan ta biya daga aljihunta, ta zaɓi ƙasar da ta fi gwanancewa a kowane fanni, kuma duk wanda ya dawo akwai kujerar da ke jiransa.

Ta uku ita ce Sin, wadda ta fara da kyau sannan ta ja baya. Daga 1872 ta tura yara 120 zuwa Amurka da niyyar su yi shekara goma sha biyar. A 1881 fadawan sarki suka tsorata da ganin yaran suna sauya tufafi da ɗabi'u, aka kira su gida kafin mafi yawansu su gama. Duk da haka ɗaya daga cikinsu, Zhan Tianyou, shi ne ya gina layin dogo daga Bejin zuwa Zhangjiakou, wanda aka gama a 1909 ba tare da injiniyan Turawa ba.

Ƙasashen da suka gayyata

Da shigowar ƙarni na 20 sai al'amarin ya juya, manyan ƙasashe suka fara kira da kansu suna biya. Labarin da ya fi bayyana manufar hakan ya faru ne tsakanin Amurka da Sin. Bayan tawayen da aka yi wa baƙi a Sin a 1900, ƙasashen da suka tura soja sun ɗora wa Sin tara mai nauyin gaske. Kason da Amurka ta karɓa ya wuce asarar da ta yi. A 1906 shugaban jami'ar Illinois, Edmund James, ya rubuta wa shugaba Theodore Roosevelt shawara, inda ya nuna masa cewa duk ƙasar da ta ilimantar da samarin Sin na wannan zamani ita ce za ta kwashi riba mafi girma a wajen tasiri da kuma ciniki. Hujjarsa kowane ɗan kasuwa zai gane ta: injiniyan da ya koyi aiki da injin Amurka, ran da ya zama darakta injin Amurka zai yi oda, kuma da Ingilishi zai rubuta takardar. A 1908 majalisar Amurka ta amince a mayar da rarar kuɗin, aka kuma daidaita a kan a kashe su wajen tura ɗalibai Amurka. Rukunin farko ya tashi a 1909, a 1911 kuma aka buɗe makarantar Tsinghua a Bejin domin shirya su. Da kuɗin Sin aka yi aikin, amma godiyar Amurka ta karɓe ta.

A Ingila kuwa attajirin nan Cecil Rhodes, wanda ya tara dukiyarsa daga lu'ulu'un kudancin Afirka da ƙwace ƙasar mutane, ya rasu a 1902 ya bar wasiyya a riƙa kawo zaɓaɓɓun samari daga ƙasashen daular Ingila da Amurka da Jamus zuwa jami'ar Oxford, domin masu mulkin gobe su tashi da tunani iri ɗaya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci wannan moriya shi ne William Fulbright, wanda ya zama sanata a Amurka. Bayan yaƙin duniya na biyu Amurka ta bar tarin motoci da kayan soja a ƙasashe da yawa, ƙasashen kuma ba su da dalar da za su saye su. Fulbright ya kawo dabarar a sayar musu da kuɗin ƙasarsu, a zuba kuɗin cikin musayar ɗalibai da malamai. Shugaba Truman ya sa hannu a dokar ranar 1 ga Agusta 1946, kuma shirin ya bazu har ya kai ƙasashe sama da 150.

Afirka a tsakanin giwaye biyu

Lokacin da ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai, yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya yi zafi, sababbin ƙasashen kuma suna cikin ƙishirwar ma'aikata. Nijar ta karɓi mulki a 1960 ba ta da jami'a ko ɗaya, yaran da ke zuwa lakkol kuwa ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Duk wanda ya horar da likitan farko da injiniyan farko da hafsan farko na irin wannan ƙasa ya san ya kafa turke na shekara talatin.

A watan Fabrairun 1960 shugaban Sobiyet Khrushchev ya ba da sanarwar kafa Jami'ar Zumuncin Al'ummai a Mosko, domin ɗaliban Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Bayan kisan Patrice Lumumba a 1961 aka sa mata sunansa. Karatu kyauta, ɗaki kyauta, da kuɗin kashewa, har da rigar sanyi. A ɗaya ɓangaren, ɗan siyasar Kenya Tom Mboya ya shirya jigilar ɗalibai zuwa Amurka. Jirgin farko ya ɗauki 81 a watan Satumban 1959. A 1960, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, gidauniyar iyalin Kennedy ta ba da dala 100,000 domin a ci gaba da jigilar. A cikin waɗanda suka tafi a wannan shekara akwai Wangari Maathai, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004.

Ƙasashen Larabawa ma ba su zauna kallo ba. Shugaba Gamal Abdul Nasir, wanda yake ɗaukar Afirka da duniyar Musulmi a matsayin fagen siyasar Masar, ya buɗe unguwa guda ta ɗaliban waje na Azhar a Alƙahira a 1959. Saudiyya ta amsa da kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, wadda aka tsara domin mafi yawan ɗalibanta su zamo baƙi. Waɗanda suka dawo daga waɗannan wurare biyu sun dawo da Larabci mai kyau da ilimi mai zurfi, kowa kuma da fahimtar malamansa, kuma muhawarar da ta biyo baya a masallatai da makarantun ƙasar Hausa ba ɓoyayya ba ce ga kowa a nan.

A Nijar wannan gasa ta shiga cikin rikicin gida. Bayan an haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, Jibo Bakari yana gudun hijira, jam'iyyar ta fitar da samari da dama ta hanyar Bamako da Akara. Wasu an kai su horon yaƙi, wasu kuma an samo musu guraben karatu a Tarayyar Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai, inda suka karanta likitanci da aikin gona da aikin injiniya. Gwamnatin Jori Hamani, wadda ta jingina da Faransa, ta ɗauke su a matsayin abokan gaba, musamman bayan hare-haren 1964. Sai ga ƙasar da ke neman likita ido rufe tana da ɗiyanta masu digiri waɗanda ke tsoron tako ƙafa gida, wasunsu ba su dawo ba sai bayan juyin mulkin 1974. Ko bayan haka, mai digirin gabas ya sha fama kafin a daidaita takardarsa da ta Faransa a ma'aikatu. Asarar ba ta Mosko ba ce, kuma ba ta Paris ba ce, marasa lafiyan karkara ne suka biya ta.

Inda lissafi ya ɓaci

Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A kan wannan karin magana masu ba da bursu suka gina fatansu. To amma tarihi ya nuna ɗalibi yakan ci ladan ya kuma ƙi askin, wani lokaci ma ya juya askar ga mai ita.

Faransa ta kai samarin Afirka jami'o'inta bayan 1945 da fatan za su dawo suna kare ta. A ƙarshen 1950 samarin suka kafa ƙungiyar FEANF ta ɗaliban baƙar Afirka a Faransa, wadda ta zama ɗaya daga cikin muryoyi mafi kaifi wajen neman cikakken ƴanci, har gwamnatin Faransa ta rushe ta a 1980. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929. Ya kai ƙololuwar karatun kimiyyar fiziks a Faransa a 1956, daga baya ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike a kan amfani da hasken rana. Ya ɗebi ilimi a yamma, ya ɗebi a gabas, bai zama yaron kowa ba. Ya dawo Yamai ya shugabanci ofishin makamashin rana daga 1969, ya kuma riƙe jami'ar ƙasa, wadda aka sa wa sunansa a 1992 bayan rasuwarsa a 1991. Rana ce dukiyar da ƙasarsa ta fi kowa yawa, ita ce kuma ya tafi ya karanto.

Amurka ta ɗanɗana nata. Qian Xuesen ya isa can a 1935 da irin bursun nan na kuɗin tarar Sin, ya zama ɗaya daga cikin manyan masana roka na ƙasar. A 1950, zamanin farautar ƴan kwaminis, aka zarge shi, aka ƙwace masa izinin aikin asiri, aka tsare shi a gida kusan shekara biyar. A 1955 ya koma Sin, shi ne kuma ya kafa tushen makamai masu linzami da kumbunan ƙasar. Haka nan Sayyid Ƙuɗub, wanda ma'aikatar ilimin Masar ta tura Amurka daga 1948 zuwa 1950 domin ya ga tsarin makarantunsu, ya dawo da ƙyamar rayuwar da ya gani, rubuce-rubucensa kuma suka yi tasirin da duniya ta sani.

Mosko ma ba ta tsira ba. A watan Disamban 1963 aka tsinci gawar wani ɗalibin likitanci ɗan Gana, Edmund Assare-Addo, cikin ƙanƙara a gefen birnin. Hukuma ta ce sanyi ne ya kashe shi, ƴan'uwansa ɗalibai suka ce kisa ne na wariyar launin fata. Ɗaruruwan ɗaliban Afirka suka yi jerin gwano har Jan Dandali, a gaban fadar Kremlin, abin da birnin ya yi shekaru da yawa bai gani ba. A farkon wannan shekara ma ɗaliban Afirka da dama sun tattara kayansu sun bar Bulgariya bayan an hana su kafa ƙungiya. Ƙasar da ta kashe dukiya wajen koya wa baƙo cewa ƴan Adam duka ɗaya ne, sai zagin da ya sha a cikin bas ya rushe darasin. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan ne abin da ofisoshin jakadanci suka kasa saye da kuɗi.

Akwai kuma inda jarin ya biya fiye da zato. A watan Janairun 1958 Amurka da Sobiyet suka sa hannu a yarjejeniyar musayar al'adu, wadda ta haɗa da ɗalibai ƴan ƙalilan daga kowane ɓangare. Cikin rukunin farko da Mosko ta tura jami'ar Columbia akwai Aleksandar Yakovlev, amintaccen ɗan jam'iyya. Ya koma gida yana sukar Amurka a rubuce, amma abin da ya gani a ɗakunan karatu ya zauna masa a rai. Kusan shekara talatin bayan haka shi ne ya zama na hannun daman Gorbachev wajen buɗe ƙofar faɗin albarkacin baki, sauyin da ya ƙare da rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Irin wannan shuka ba a girbe ta a damina ɗaya, shi ya sa gwamnatocin da ke da dogon hange ba sa yin wasa da ita.

Musaya ta gaskiya

Kalmar musaya tana nufin a ba ka, ka bayar. Mafi yawan abin da aka ambata a baya hanya ce mai tafiya gefe ɗaya, daga matalauta zuwa mawadata. Misali mafi kyau na musaya tsakanin tsara da tsara ya fito ne daga Faransa da Jamus, waɗanda suka gwabza yaƙi sau uku tsakanin 1870 da 1945. A watan Janairun 1963 Janar de Gaulle da shugaban gwamnatin Jamus Adenauer suka ƙulla yarjejeniyar zumunci, a cikin wannan shekara kuma aka kafa ofishin matasa na ƙasashen biyu. Tun daga lokacin miliyoyin yara sun kwana a gidajen juna, sun ci abincin juna, sun koyi harshen juna. A 1987 aka faɗaɗa wannan tunani da shirin Erasmus na ƙasashen Turai, wanda ya fara da ɗalibai dubu uku da ƴan kai a shekarar farko, ya kuma kai miliyoyi daga baya. Zumunci a ƙafa yake, Turawan kuma sun mai da wannan magana doka mai kasafin kuɗi.

Ƙofar aro

Shekaru talatin da ƴan kai da suka wuce sun koya wa iyaye a ƙasar nan cewa ƙofar da ba taka ba ana iya rufe ta ba sallama. Rushewar Tarayyar Sobiyet ta bar ɗaliban Afirka da yawa cikin yunwa, bursunsu ya zama ba ya sayen burodi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, uban da ke aika wa ɗansa kuɗi Faransa ya wayi gari nauyinsa ya ninka. A 2019 Faransa ta ɗaga kuɗin rajista na ɗaliban da ba na Turai ba zuwa yuro 2,770 a matakin lisans da 3,770 a matakin masta, ko da yake jami'o'i da yawa sun yi ta yafewa. A watan Fabrairun 2022, da yaƙi ya ɓarke a Yukren, an ga yadda aka riƙa ture ɗaliban Afirka daga jiragen ƙasa a hanyar guduwa. A watan Afrilun 2023 yaƙin Sudan ya tarwatsa dubban ɗaliban da ke Hartum. A cikin wannan shekara ta 2023, bayan juyin mulkin Yuli a Nijar, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai da Bamako da Wagadugu, samarin da suka riga suka sami gurbi kuma suka zauna da takardunsu a hannu, ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Idan wata ƙofa ta rufe, wata takan buɗe da nata lissafin. A taron Sin da Afirka na 2018 Bejin ta yi alkawarin guraben karatu 50,000 ga ƴan Afirka. Rasha ta mayar wa jami'ar nan ta Mosko sunan Lumumba a 2023, bayan an cire shi a 1992. Turkiyya da Indiya da Maroko da Aljeriya duk suna kira. Babu laifi a amsa kiran, muddin an tuna da shawarar Edmund James, domin ita ce har yanzu ake bi.

Abin da ya rage ga ƙasa

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne mai ba da gurbi ya san abin da yake nema tun kafin yaro ya hau jirgi, kuma wannan haƙƙinsa ne. Bambanci tsakanin Japan ta 1871 da ƙasashen da suka yi asarar ɗiyansu yana wajen mai aikawa: shin ya san me ya aiki yaron ya ɗebo, kuma ya tanadi inda zai sauke shi?

Ga ma'aikatan da rabon bursu ke hannunsu, nauyin a bayyane yake. Gurbin da aka ba ɗan wane saboda sunan ubansa, ya je ya kasa, ƙasa ce ta rasa likita guda, kuma ƙasar da ta bayar takan rubuta abin da ta gani. Kamata ya yi ma'aikatun lafiya da noma da ma'adinai da ruwa su riƙa faɗin irin gwanayen da za su buƙata nan da shekara goma, a nemi gurabe a kan wannan, a kuma daidaita takardun masu dawowa ba tare da duba ko daga gabas suka fito ko daga yamma ba. Ƙasar da ake haƙo yuraniyom a cikinta tun 1971, da man fetur tun 2011, ta san fannonin da ya kamata ta cika da ɗiyanta.

Ga ƴan kasuwa kuwa, mutanen Kanem sun riga sun nuna hanya shekara kusan ɗari takwas da suka wuce. Attajiran Maraɗi da Damagaram da Tawa da suka gina masallatai da makarantu suna da ikon ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu masu hazaƙa, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. Yaron da ya san harshen Sin ko na Turkiyya da dokokin cinikinsu ya fi dillali goma amfani ga mai shigo da kaya.

Bayan haka, Nijar ma mai masaukin baƙi ce, ko da yake ba a cika tunawa ba. Tun 1963 makarantar EAMAC da ke Yamai take horar da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama da hasashen yanayi na ƙasashen Afirka da yawa. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana karɓar ɗalibai daga duk yankin Sahel. Jami'ar Musulunci ta Sayi, da ta buɗe a 1986, tana tara samari daga Afirka ta yamma. An buɗe jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, ga kuma jami'o'in Katsina da Kano da Sakkwato tafiyar yini ɗaya ko ƙasa da haka, inda harshe ɗaya ne kuma dangi ɗaya. Duk baƙon ɗalibin da ya zauna a nan aka kyautata masa, ɗan sanda bai wulaƙanta shi ba, mai gidan haya bai cuce shi ba, gobe idan ya zama darakta ko minista a ƙasarsa zai tuna. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, saboda haka gyaran waɗannan makarantu na gida, da biyan malamansu da ɗalibansu a kan kari, shi ne matakin farko na duk wata siyasar waje da za ta ɗore.

Allah ya ba ɗaliban da ke waje sa'a, ya dawo da su gida lafiya, ya sa ƙasa ta amfana da abin da suka koyo.